Ƙas! Ƙarar Gaɓoɓi Bayan Motsa Jiki: Wacce Ce Ta Lafiya, Wacce Ce Ta Ciwo?

Masu hawan jini da masu ciwon sukari sun saba jin ma'aikatan lafiya suna ce musu su riƙa motsa jiki. Da yawa sun karɓi shawarar. Waɗansu suna tattaki da sassafe, waɗansu kuma, musamman matasa da ma'aikata a birane, sun soma bin irin motsa jikin nan da ake kira yoga, wanda suke koya daga bidiyo a wayar hannu. To, sai ga wata damuwa ta taso. Mutum ya gama miƙe-miƙensa, ya zo tashi daga tabarma, sai gwiwa ta ce ƙas, baya ya ce ƙas-ƙas, kafaɗa ma ta amsa. Daga nan sai tsoro ya shiga: ko ƙashi ne ke gogar ƙashi? Ko sanyin ƙashi ne ya kama ni tun ban tsufa ba? Wani sai ya daina motsa jikin gaba ɗaya. Wani kuwa ya nufi kemis a haɗa masa magani. Kowanne daga cikin biyun nan yana iya cutar da mutum fiye da ƙarar da ta ba shi tsoro.

Shi yoga asalinsa daga ƙasar Indiya ne, kuma tushensa na dā yana haɗe da addinin mutanen can. A cikin ƙarni na 20 ne sashensa na motsa jiki ya bazu zuwa Turai da Amurka, har a watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranarsa. Mu a nan sashen jiki kawai za mu duba, watau miƙa gaɓoɓi, da lanƙwasa su, da tsayawa a hakan na ɗan lokaci. Abin da za a faɗa ya shafi ɗan ƙwallo mai miƙa ƙafa kafin wasa, da manomin da ya ɗago daga kunya, da uwar da ta miƙe daga gindin murhu.

Me ke cikin gaɓa?

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Inda biyu suka haɗu suna motsi, nan ne gaɓa. Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, irin wanda muke gani fari yana ƙyalli a kan ƙashin cinyar kaza. Gaɓar kuma a rufe take ruf cikin wata 'yar jaka, kuma a cikin jakar akwai ruwa mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Ruwan ba shi da yawa. Ko a gwiwa, wadda ita ce babbar gaɓa a jiki, na mai lafiya ba ya cika cokalin shayi. Aikinsa shi ne na mai a inji.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mu riƙe tun daga nan. Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyoyin jini. Daga wannan ruwa yake samun abincinsa, kuma sai gaɓa tana motsi ruwan ke shiga yana fita, kamar soso idan ana matsa shi ana saki. Saboda haka wanda ya daina motsi don tsoron ƙara, gaɓarsa ya sa wa yunwa.

Ƙarar kumfa

A cikin ruwan gaɓa akwai iska a narke, kuma mafi yawanta irin wadda ke cikin lemon kwalba ce. Kwalbar lemo a rufe ba a ganin kumfa. Da an buɗe murfin, matsi ya ragu, sai iskar ta fito fili. Haka yake a gaɓa. Sa'ad da aka ja yatsa, ko aka lanƙwasa gwiwa har iyakarta, ko aka murɗa baya, bakunan ƙasusuwan biyu da ruwa ya manne su sukan ƙi rabuwa da farko, sa'an nan su rabu farat ɗaya. A daidai lokacin matsin da ke cikin jakar yakan faɗi, iska ta fito daga ruwan ta zama ƙwayar kumfa, sai a ji ƙas. Wanda ya taɓa zaro ƙafarsa daga taɓo, ko ya ga an cire ƙahon wanzami daga bayan mutum, ya san irin sautin da abu manne yake yi idan ya saki.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan ƙaramin abu. A 1947 waɗansu likitoci biyu a asibitin St Thomas da ke Landan, Roston da Haines, suka ɗaura igiya a yatsan mutum suna ja suna ɗaukar hoton ƙashi. Suka ga idan ƙarfin jan ya kai wajen kilo 7 sai yatsan ya yi ƙara, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta ninka fiye da sau biyu, wani fili kuma ya bayyana a tsakiya. Suka ce samuwar kumfar ce ke kawo ƙarar. A 1971 waɗansu masana a Jami'ar Leeds ta Ingila suka ce a'a, fashewar kumfar ce. An yi shekara fiye da 40 ana koyar da maganarsu, sai a 2015 Farfesa Greg Kawchuk na Jami'ar Alberta a Kanada ya sa hannun wani abokin aikinsa cikin na'urar MRI, aka ja yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar hoto mai motsi. Abin ya faru cikin ƙasa da sulusin sakan guda, kuma hoton ya nuna kumfar tana nan bayan an ji ƙarar. A 2018 kuma waɗansu injiniyoyi biyu suka yi lissafi a wata babbar makaranta kusa da Paris, suka ce kumfar takan ɗan lotsa ne ba tare da ta ɓace duka ba, kuma wannan lotsawar ta isa ta ba da sautin. Mu bar su da gardamarsu. Abin da dukansu suka yarda da shi shi ne wanda ya dame mu: iska ce da ruwa, babu ƙashin da ya taɓa ƙashi.

Ga hanya mai sauƙi ta gane wannan irin ƙara. Idan gaɓa ta yi ta, a sake yin motsin nan take. Ba za ta sake yi ba. Sai an jira wajen minti 20 iskar ta sake narkewa cikin ruwan kafin gaɓar ta iya maimaitawa. Ba ta zuwa da zafi, sau da yawa ma mutum yakan ji gaɓar ta saki na ɗan lokaci.

Dalilin da ya sa mai yin yoga ya fi jin ta a fili yake. Aikin yau da kullum ba ya kai gaɓa iyakarta. Ma'aikacin ofis ko tela ko direba yakan yini a zaune, gwiwa da ƙugu suna wuri ɗaya. Yoga kuwa da gangan yake kai kowace gaɓa ƙarshen inda take iya zuwa, a kuma tsaya a can. A gadon baya akwai ƙananan gaɓoɓi biyu-biyu tsakanin kowane ƙashi da na ƙasa da shi, kowacce da jakarta da ruwanta. Shi ya sa idan aka zauna aka murɗa jiki gefe guda ake jin ƙas-ƙas-ƙas a jere kamar ana ɓare gyaɗa.

Maganar da iyaye suka gaya mana

Kusan kowa an taɓa tsawata masa yana yaro don yana lanƙwasa yatsu suna ƙara, an ce zai gamu da amosanin gaɓɓai idan ya tsufa. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Wani likita a jihar Kalifoniya ta Amurka, Donald Unger, mahaifiyarsa da 'yan'uwanta mata, daga baya har da surukarsa, duk sun yi masa wannan kashedi. Sai ya ɗauri aniyar gwadawa a jikinsa. Kowace rana, aƙalla sau biyu, yakan sa yatsun hannunsa na hagu su yi ƙara, ya bar na dama. A 1998, bayan shekara 50, ya rubuta wa wata mujallar likitoci sakamakon: hannun hagu ya sha ƙas aƙalla sau 36,500, amma babu amosani a kowane hannu, babu kuma bambanci tsakaninsu. A 2009 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wadda ake bayarwa don binciken da ke ba mutane dariya sa'an nan ya sa su tunani.

Mutum ɗaya ba ya zama hujja. Amma a 2011 likitoci a wata jami'ar sojan Amurka suka duba hoton hannuwan mutum 215 masu shekara 50 zuwa 89. Cikin masu wannan ɗabi'a kashi 18 bisa ɗari ne ke da amosanin gaɓɓai a hannu, cikin waɗanda ba su yi kuwa kashi 21 da ɗoriya. Watau babu wani bambancin kirki. Akwai wani bincike na 1990 da ya ce masu yin hakan sun fi samun kumburin hannu da raguwar ƙarfin damƙa, amma wani da aka yi a 2017 a Kalifoniya bai ga haka ba. Mu lura dai, duk waɗannan a kan yatsu aka yi su. Kada wani ya ɗauki labarin yatsa ya kai wuya. Za mu zo kan wannan.

Ƙarar da ke maimaituwa

Akwai wata ƙara dabam wadda ba ta jiran minti 20. Duk lokacin da aka yi motsin sai ta yi. Mutum ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙafa ya sauke, sai ya ji wani abu ya yi tsalle a gaban ƙugunsa. Ko ya juya kafaɗa, ko idon sawu, ya ji ƙat, ƙat, ƙat. Wannan yawanci jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ce ke haye wani tudun ƙashi ta dawo, kamar igiyar guga a bakin rijiya. Masu rawa da 'yan wasa sun san ta sosai. Idan babu zafi, ba ciwo ba ce. Takan ragu idan an ɗumama jiki kafin a fara, idan kuma tsokokin wurin sun yi ƙarfi.

Sai ta uku, wadda ba ƙas ba ce, gurus-gurus ce, kamar ana taka yashi. An fi jin ta a gwiwa wajen tsugunawa ko hawa matakala. Idan aka ɗora tafin hannu a kan ƙoƙon gwiwa ana miƙewa da lanƙwasawa za a ji ta a hannu. Mutane da yawa masu lafiyayyar gwiwa suna da ita, har da matasa. Amma a nan sai an ɗan sa ido. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi mutum kusan 3,500 masu matsakaicin shekaru da tsofaffi a Amurka, ya nuna waɗanda ke jin wannan gurzawa kullum sun fi sauran shiga haɗarin fara ciwon amosanin gwiwa nan gaba kaɗan. Ga mai shekara 50 wanda ke da ƙiba, ko ya taɓa jin rauni a gwiwa, wannan sanarwa ce. Maganinta kuwa ba zama ba ne. A ƙarfafa tsokar gaban cinya, a rage nauyi. An auna an ga kowane kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin wajen kilo 4 a kowane taki.

Ƙarar da ba a wasa da ita

Ƙara ɗaya mai ƙarfi, wadda ta zo tare da zafi nan take, sa'an nan wurin ya kumbura cikin 'yan awoyi, ko ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum, wannan wani abu ne ya yage. A yoga an fi samun haka a gwiwa, wajen irin zaman nan na tanƙwashe ƙafafu da ake ɗora kowane sawu a kan cinyar ɗaya ƙafar, wanda shi ne hoton da kowa ya sani. Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, buɗewa da rufewa ta iya. Juyawar da wannan zama ke bukata daga ƙugu ya kamata ta fito. Idan ƙugu ya ƙage, mutum kuma ya kama sawunsa da hannu ya jawo da ƙarfi, juyawar sai ta sauka a kan gwiwa, ta matse wani guringuntsi mai siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙasusuwan. Idan ya yage, gwiwa takan riƙa sarƙewa, ta ƙi miƙewa sai an girgiza ta. Wanda ya tashi yana zaman ƙasa tun yana yaro yakan yi wannan zama da sauƙi. Wanda ya yi shekara 20 a kan kujera kada ya yi gasa da mai koyarwa na cikin bidiyo.

Irin wannan rauni ba na murzawa ba ne. Masu ɗori suna da gwanintarsu, jama'a kuma sun amince da su, amma guringuntsi ko jijiyar da ta yage a can cikin gwiwa ba a gyara ta da ja da matsa, ƙara ɓata ta ake yi. A huta da ƙafar, a ɗaga ta sama, a sa tsumma mai sanyi, a je asibiti. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti za su tura mutum wurin likitan ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko sashen ƙashi na asibitin koyarwa mafi kusa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wuya. Wuya yana da ƙasusuwa 7, kuma ta cikin ƙananan ramuka a gefensu waɗansu jijiyoyin jini biyu suke hawa suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Idan aka fizgi kai gefe da ƙarfi, cikin jijiyar yana iya tsagewa, jini ya daskare a wurin, gudan ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Sakamakon shi ne shanyewar ɓarin jiki, sau da yawa ga matashi mai ƙarfinsa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya sa Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2014 cewa a riƙa gaya wa mutane wannan haɗari kafin a murɗa musu wuya, ko da ƙwararre ne zai yi. To, ina ga aboki ko mai aski ko mai tausa da ya ce kawo in saki maka wuyan? Garin gyaran gira kada a rasa ido. Idan wuya ya yi ƙas da kansa sa'ad da ka juya a hankali, babu komai. Kama haɓa da ƙeya a fizga don neman ƙarar, wannan ne ba a yi. Haka nan tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗu, ƙafafu a sama, ba na sabon shiga ba ne, ba kuma na mai hawan jini ko mai hawan ruwan ido ba. Duk wanda ya ji matsanancin ciwon ƙeya ko wuya bayan irin wannan, tare da jiri, ko ganin abu biyu-biyu, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya mutu, a kai shi asibiti a wannan sa'a. Kada a ce bari a ga gobe.

Akwai kuma waɗanda ciwon gaɓarsu ba daga motsa jiki ya fito ba, motsa jikin ya tono shi ne kawai. Gaɓar da ta kumbura, ta yi zafi kamar wuta, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ke iya shiga cikin jakar, kuma tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Masu sikila kuma, waɗanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, su lura da ƙugu. Ciwon yakan hana jini isa kan ƙashin cinya, sai kan ya soma mutuwa yana lotsawa. Alamarsa ciwo a matsematsi ko gaban cinya, da ɗingishi, wani lokaci da ƙara. Matashi mai sikila da ke da wannan ba ƙarin miƙa yake bukata ba, hoton ƙashi yake bukata da wuri.

Kemis da mai talla a tasha

Asarar da aka fi yi a kan wannan batu a wurin sayen magani take. Mutum ya ce gaɓoɓina suna ƙara, sai a ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna babu kwali. A ciki akan tarar da diclofenac da piroxicam da ibuprofen a haɗe, alhali dukansu dangi ɗaya ne, shan biyu tare ba ya ƙara sauƙi, haɗari yake ninkawa. Su ne ke kawo gyambon ciki mai zubar da jini, su lalata ƙoda, su kuma tayar da hawan jinin da mutum ya fara motsa jiki dominsa. Wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda idan aka daɗe ana sha suke tayar da sukari, su raunana ƙashi, su ma kashe kan ƙashin cinya kamar yadda sikila ke yi. Tramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa matasanmu. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke hana kumfa samuwa a gaɓa. An biya kuɗi an sayi ciwo don a kashe sautin da ba ciwo ba.

Haka batun cewa man gaɓa ya ƙare, sai an sha wani haɗi ya mayar da shi. Jakar gaɓa ita ke yin ruwanta da kanta, kullum tana sabunta shi. Motsi ne ke taimakonta.

Ga mai son ci gaba da motsa jikinsa

A fara da tattaki ko taka rawa na minti 5 zuwa 10 jiki ya yi ɗumi, kafin a soma miƙa. A shiga kowane lanƙwaso sannu a hankali ana numfashi, a tsaya inda aka ji tsoka ta ja, kada a kai inda gaɓa ta yi suka. Jan tsoka a tsakiyar cinya ko ɗan maraƙin ƙafa daidai ne. Zafi a cikin gaɓar kanta alama ce a koma baya. Masu juna biyu su yi sassauci, domin a lokacin ciki jiki da kansa yana sassauta jijiyoyin gaɓoɓi don shirin haihuwa, yana da sauƙi a wuce gona da iri ba a sani ba. Haka ma waɗanda aka haifa da laushin gaɓoɓi, masu iya kai babban yatsa ya taɓa damtsen hannu. Su ne ake yaba wa a wurin yoga, su ne kuma suka fi bukatar ƙarfafa tsoka maimakon ƙarin miƙa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Miƙa kaɗai ba ta cika wannan ba, sai an haɗa da tafiya mai sauri ko keke ko aikin gona.

Ku masu aikin sa kai na kiwon lafiya a ƙauyuka da unguwanni, idan wani ya kawo muku wannan kuka, ku sa shi ya nuna muku motsin, ya sake yi nan take ku ji ko ƙarar ta dawo. Ku tambaye shi ko akwai zafi, ko wurin ya taɓa kumbura, ko gaɓar tana sarƙewa ko tana zamewa, ko akwai zazzaɓi, ko yana da sikila. Ku kuma ce ya kawo ledar maganin da yake sha ku gani da idonku. Idan duk amsoshin a'a ne, ku ce masa ya shimfiɗa tabarmarsa gobe da safe. Idan ko ɗaya ta zama i, ku rubuta masa takardar zuwa asibiti, ku sa ranar da abin ya fara da irin motsin da yake yi sa'ad da ya ji ƙarar.